Ba a Mugun Sarki Sai Mugun Bafade? Yadda 'Yan Zangon Accra ke Kallon Yes Minister

A cikin wasan kwaikwayon Birtaniya mai suna Yes Minister akwai wani kashi da aka fara nunawa a 1981, inda minista ya samu labarin wani sabon asibiti da aka gama ginawa a Landan, aka zuba masa ma'aikata kimanin 500, kowa yana zuwa aiki da safe ya tashi da yamma, amma babu majinyaci ko guda a cikinsa, domin kuɗin ɗaukar likitoci bai samu ba. Da ministan ya ta da jijiyar wuya, sai babban sakatarensa ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla cewa mutanen nan aiki ma ya yi musu yawa. Daga baya har aka sanar da shi cewa asibitin yana takarar lambar yabo ta tsafta. Mai kallo a Ingila yana iya ɗaukar wannan a matsayin zuguguntawa irin ta masu wasa. Wanda ya kalli kashin a ɗaki a Nima ko Maamobi kuwa, dariyarsa ba ta yin tsawo, domin nan take Legon ke faɗo masa a rai. A can ne aka ƙaddamar da katafaren asibitin Jami'ar Ghana a Janairun 2017, aikin da ya ci dala miliyan 217, sa'an nan ginin ya zauna a rufe fiye da shekara guda ana ja-in-ja a kan wanda zai riƙe shi, jami'a ko ma'aikatar lafiya. Sai a Yulin 2018 aka fara ganin marasa lafiya.

Gidan talabijin na BBC ya fara nuna wannan wasa a ranar 25 ga Fabrairun 1980. Antony Jay da Jonathan Lynn suka rubuta shi, kuma kusan dukkan nauyinsa a wuyan mutum uku yake. Akwai Jim Hacker, ɗan siyasar da aka ba wata ma'aikata ta ƙirƙira mai kula da harkokin gudanarwa. Akwai Sir Humphrey Appleby, babban sakataren ma'aikatar, wanda ya shafe shekaru yana ganin ministoci suna zuwa suna wucewa. Na ukunsu shi ne Bernard Woolley, sakataren ofishin minista, wanda ke tsakiya kamar gauta a bakin kura, domin ministan yake yi wa aiki amma ƙarin girmansa a hannun babban sakatare yake. An yi zango uku na wasan, aka ƙara kashi na musamman a 1984 inda Hacker ya zama Firayim Minista, sa'an nan aka ci gaba da shi da sunan Yes, Prime Minister daga 1986 zuwa 1988. Jimilla kashi 38 ke nan, kusan kowanne rabin sa'a. Babu harbi, babu tsere da mota, babu soyayya. Maza ne masu kwat a cikin ofis suna magana.

Saboda haka ba irin fim ɗin da zai cika gidan bidiyo ba ne. Tun daga shekarun 1980, lokacin da gidajen kallon bidiyo suka bazu a unguwannin Accra, wadda dattawan Zango ke kira Ankara, abin da ke jan jama'a shi ne fina-finan dambe da na Indiya, daga baya na Najeriya da na Kano da na Kumasi. Yes Minister wasan 'yan tsiraru ne: malamin makaranta, tsohon akawu da ya yi ritaya, ɗalibin jami'a, ko wanda ya yi zaman Landan ya dawo da faifansa a jaka. Amma kallon bidiyo a Zango ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ana yin sa ne a cikin jama'a, a falo ko a dandalin hira inda matasa ke dafa ataya, kuma fifikon kaset da faifai a kan talabijin shi ne ana iya tsayar da su. A tsayar, wanda ya fi kowa jin Turancin Ingila ya fassara, a yi gardama, a mayar baya a sake ji. Ta wannan hanya wasan da aka rubuta domin 'yan bokon Landan yake komawa hirar Hausa, da Ganancin Nima, tare da ɗan gauraye na Turanci da Twi. A wannan hira ne ake jin abin da masu kallo suka ɗauka daga wasan, kuma abin da suke ɗauka ya cancanci a dube shi da kyau, domin bai tsaya a kan Ingila ba.

Abu na farko da akan ji shi ne mamaki mai haɗe da jin daɗi: ashe har su ma haka suke. Mutumin da aka rene shi da labarin cewa Bature ba ya ƙarya, cewa lalacewar aikin gwamnati ta fara ne ranar da aka sauke tutar Ingila a 1957, ga shi yau yana kallon Turawa da bakinsu suna nuna yadda ake ɓatar da fayil da gangan, yadda ake kafa kwamiti domin kada a yi abu, yadda ake ba minista tarin takardu da daddare a cusa muhimmiyar a ƙasan tulin. Wannan jin daɗi yana da hujja. Tsarin ma'aikatun Ghana daga Landan aka kwafo shi, kuma marubutan wasan ba daga iska suka ɗebo labarinsu ba. Sun karanta littattafan tarihin yau da kullum na Richard Crossman, wanda ya zama ministan gidaje a 1964 ya kuma rubuta irin gumurzun da ya sha da manyan ma'aikatansa, sun kuma zauna da mutanen da suka yi aiki a fadar Firayim Minista. Sai dai daga “har su ma” zuwa “duk kanwar ja ce” taku ɗaya ne, kuma da an yi wannan taku hira ta mutu. In duk duniya haka take, to babu wanda za a tambaya dalilin da ya sa kwatar unguwa ta cika. Mai wannan ra'ayi ya manta cewa a ƙasar da ake yi wa wannan dariya ruwan famfo yana zuwa, ana kwashe shara a kan lokaci, kuma gidan talabijin na jama'a ne ya nuna wasan, ba a kama kowa ba.

Abu na biyu ya fi wancan zurfi, ya kuma fi shi haɗari. Bahaushe ba ya ɓata lokaci wajen gane Sir Humphrey. Ya san shi tun daga tatsuniya, ya san shi a cikin Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, inda waziri ke durƙusa wa sarki da rana yana ƙulla masa da dare. Ya san kirarin irinsa, ya san ladabin kunama. Ko sunan wasan ma, in aka juya shi zuwa Hausa, abin da bafade ke cewa ne: “To, ranka ya daɗe.” Kusan kowane kashi da wannan amsa yake ƙarewa, kuma daɗin abin shi ne mai kallo ya san cewa sau da yawa mai faɗin ta ne ya yi nasara, wanda ake faɗa wa kuwa ya sha ƙasa bai sani ba. Daga nan sai karin magana ya fito da kansa: ba a mugun sarki sai mugun bafade. Shi ke nan an yanke hukunci. Minista mutumin kirki ne, yana son yin aiki, na kusa da shi ne suka kewaye shi.

Duk wanda ya zauna da 'yan Zango a lokacin siyasa ya san wannan magana ba a kan Jim Hacker ta fara ba. Da ita ake wanke ɗan majalisar da bai leƙo mazaɓarsa ba sai zaɓe ya matso, da ita ake wanke shugaban ƙasar da aka zaɓa bai cika alkawari ba. Shi yana da niyya, ba a gaya masa gaskiya ne. Karin maganar yana da amfani a inda aka haife shi, wato a fada, inda talaka ba shi da ikon cire sarki, kuma ambaton laifinsa kai tsaye na iya jawo wa mutum asarar gona ko abin da ya fi gona. A can, ɗora laifi a kan bafade hanya ce ta isar da koke ba tare da an taɓa rawani ba. Amma a ƙasar da ake jefa ƙuri'a ranar 7 ga Disamba duk bayan shekara huɗu, wannan karin magana ya koma laima ga wanda bai kamata a yi wa laima ba. Ba a zaɓar bafade. Sarkin ake zaɓa, kuma shi ke ɗauko fadawansa.

In ma aka kalli wasan da idon basira, bai wanke Hacker ba. Yana zuwa da kyakkyawar manufa da safe, kafin la'asar ya sayar da ita saboda kanun jarida ko tsoron rasa kujera. Babban makamin Sir Humphrey a kansa shi ne ya nuna masa cewa matakin da yake shirin ɗauka na jarumta ne, domin ya san da ministan ya ji haka zai fahimci cewa ƙuri'u za su zube, sai ya ja da baya da kansa. Bafaden bai ɗaure kowa ba. Ya dai gano inda sarkin ke da rauni ne, ya danna.

A nan ya kamata ɗalibin adabi ya tsaya ya tambayi kansa wane irin zance ne wannan wasa. A Hausa an bambanta zambo da habaici. Zambo yana nuna mutum ƙarara, ya siffanta shi ta yadda ko yaro zai gane, ya muzanta shi. Habaici kuwa ba ya kama suna, jefa shi ake yi a bar mai shi ya tsargu, kamar yadda ake cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yes Minister habaici ne tsantsa. Ba a taɓa faɗin jam'iyyar Hacker ba, ma'aikatarsa babu ita a duniya, kuma babu wani ɗan siyasa mai rai da aka kwaikwaya. Ƙarfinsa ke nan, shi ya sa bai tsufa ba, shi ya sa yake aiki a Accra kamar yadda ya yi aiki a Indiya, inda aka sake yin sa da harshen Hindi. Amma habaici yana da wata illa da zambo ba shi da ita: wanda ake yi dominsa yana iya shiga cikin masu dariya. Margaret Thatcher, Firayim Ministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, ta sha faɗin cewa wannan wasa na cikin waɗanda ta fi so, har ma a Janairun 1984 ta fito ta yi ɗan gajeren wasa tare da 'yan wasan biyu a wajen wani bikin ba da lambar yabo. Ba abin mamaki ba ne. Gwamnatinta ta hau mulki da ƙudurin rage yawan ma'aikatan gwamnati da karya lagonsu, shi kansa Antony Jay ra'ayinsa ya karkata wajen nata, kuma wasan da ke nuna wa jama'a kowane mako cewa ma'aikacin gwamnati ne ke hana ruwa gudu taimako ne gare ta. Hausawa ma sun san irin wannan. A wasan gauta, matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu, a yi dariya, wani lokaci a gyara, wani lokaci kuma a watse kowa ya koma kan halinsa. Dariyar da mai mulki ya ba da izininta ba ta cika raba shi da barci ba.

Wajen kwatanta wasan da Ghana ma akwai buƙatar taka-tsantsan, domin kama da wane ba ta wane. Tsarin mulkin 1992 ya haɗa salon Amurka da na Ingila: shugaban ƙasa mai cikakken iko, amma dole akasarin ministocinsa su fito daga cikin 'yan majalisa. Kowace ma'aikata tana da babban darakta, wanda shi ne takwaran Sir Humphrey. Sai dai ƙarfin Sir Humphrey ya samo asali ne daga abu guda, wato ba ya tsoron kora. Gwamnati ta faɗi, wata ta hau, yana nan a kujerarsa. A Accra kuwa sauyin gwamnati guguwa ce. Ana sauya shugabannin hukumomi, ana rusa kwamitocin gudanarwa, har an sha ganin matasan jam'iyyar da ta ci zaɓe suna ƙwace bayan gida na haya da wuraren karɓar kuɗin hanya da sunan lokacinsu ya zo. Shugabannin ƙananan hukumomi, ciki har da na Ayawaso ta Gabas mai ɗauke da Nima da Ayawaso ta Arewa mai ɗauke da Maamobi, shugaban ƙasa ne ke naɗa su, kuma ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya yi a Disambar 2019 dangane da shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi soke ta aka yi kafin ranarta. Ko babban mai binciken kuɗi na ƙasa, wanda tsarin mulki ya ba kariya, bai tsira ba. A Yulin 2020 fadar shugaban ƙasa ta tura Daniel Domelevo hutun dole, a Maris na 2021 aka ce ya yi ritaya, sai a 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa umarnin hutun ya saɓa wa tsarin mulki, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. A ƙasar da ake iya yin haka, mai cewa bafade ne ya fi ƙarfin sarki bai dubi inda sandar take ba.

Misali mafi kusa da 'yan Zango shi ne ma'aikatar da aka yi da sunansu. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo, wanda gidansa ma a Nima yake, ta kafa ma'aikatar raya unguwannin cikin birni da Zango, aka ba Boniface Abubakar Saddique, daga baya Mustapha Abdul-Hamid ya gaje shi. Majalisa ta kuma yi dokar kafa asusun raya Zango. An yi wasu ayyuka, ajujuwa da fitilun titi da filayen ƙwallo masu shimfiɗar roba, kuma unguwar da ta haifi Mohammed Kudus ba za ta raina filin ƙwallo ba. Da aka shiga wa'adi na biyu a 2021, sai aka soke ma'aikatar, asusun ya ci gaba. Babu wani babban sakatare da ya ƙirƙiro ta, babu wanda ya kashe ta. Alƙalamin siyasa ne ya yi duka biyun. Wannan ba zargi ne ga jam'iyya ɗaya ba, domin ɗayar, wadda Nima ta daɗe tana zuba wa ƙuri'a, ita ma ta yi mulki shekaru masu yawa, kuma babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi ta ga gwamnatocin duka biyun.

Akwai kashi biyu na wasan da ke sauya yanayin ɗaki idan masu kallo 'yan Afirka ne kuma Musulmi. Na farko tun a zangon 1980 yake, inda shugaban wata ƙasar Afirka ta ƙirƙira mai suna Buranda zai kawo ziyara, sai aka yi juyin mulki, sabon shugaban kuma ya zamo tsohon abokin karatun Hacker ne a Landan, wanda ya musulunta ya sauya suna. Yadda manyan ma'aikata ke ambaton ƙasar tasa a bayan ido cike yake da raini. A shekarar da aka nuna shi, Ghana tana tsakanin juyin mulkin 4 ga Yunin 1979 da na 31 ga Disambar 1981, don haka dattijon da ya ga wancan zamani ba ya jin abin a matsayin wasa kawai. Amma shi baƙon ne ya yi galaba a ƙarshe: ya yi barazanar karanta wani jawabi da zai kunyata gwamnati a Sikotland ana dab da zaɓen cike gurbi, ya tafi da bashin fam miliyan 50 marar ruwa. A nan ɗaki kan rabu, wasu na tafa wa ɗan Afirkan da ya yi wa Bature wayo, wasu na tambayar wanda zai biya bashin. Kashi na biyu na 1982 ne, inda ministan ya ziyarci wata ƙasar Larabawa ta ƙirƙira da ta haramta giya, sai shi da tawagarsa suka keɓe wani ɗaki da sunan ɗakin sadarwa na gaggawa suka ɓoye kwalabe a ciki, suna ta zarya. Turawa munafuncin ministansu suke yi wa dariya. Musulmin Maamobi yana ganin wannan, amma yana kuma ganin cewa masu masaukin a wasan ba su da wani aiki sai zama abin ado da masu karɓar na goro. Ɓacin ransa yana kan hanya, kuma ba dole ne ya haɗiye shi kafin ya amfana da sauran ba. Wasan na mutanen Landan ne na wancan zamani, da idonsu aka kalli duniya a cikinsa.

To, ina amfanin nasa yake? Yana cikin harshe. Babu wani wasa da ya kai shi nuna yadda ake cewa a'a ba tare da an furta ta ba. Ana yaba wa shawara a ce lokacinta ne bai yi ba. Ana amincewa da ita bisa manufa, a bar aiwatarwa sai an kammala nazari. Ana miƙa ta ga kwamitin da ya haɗa ma'aikatu da yawa, domin an san ba za su taɓa zama a rana ɗaya ba. Ana ba da amsa doguwa mai jimla cikin jimla, wadda babu ƙarya a cikinta kuma babu abin kamawa. Tafintan da ke fassara wa abokansa yakan sha wuya a nan, domin in ya taƙaita jawabin Sir Humphrey ya ce “ya ƙi”, ya kashe wasan, in kuma ya bi shi kalma da kalma ya ɓatar da masu sauraro. Amma Hausa ba ta rasa kayan aiki ba. Tana da romon baka, tana da hanya-hanya, tana da kwana-kwana, tana da jeka-ka-dawo, tana da shafa labari shuni, tana da gafara sa da ba a ga ƙaho ba. Tana da “ana nan ana dubawa” da “ai magana tana sama”. Kalmar “to” ita kaɗai, gwargwadon yadda aka ja ta ko aka datse ta, tana iya zama yarda, ko shakka, ko gargaɗi, ko sallamar baƙon da ya daɗe. Harshen da ya ƙware haka wajen sakaya zance ya isa ya gane sakayar wani. Abin da ya rage shi ne mai kallo ya daina tsayawa a kan sha'awar gwanintar mai zancen. Sau da yawa yabon da Sir Humphrey ke samu a ɗakin kallo ya fi tsinuwar da yake sha, ana ce masa gwani, ana ce masa shu'umi cikin murmushi, kuma matashin da ke wannan yabo shi ne gobe zai tsaya a layi a wani ofis a ce masa ya dawo mako mai zuwa.

'Yan Zango sun fi kowa sanin nauyin takardar ofis. A Nuwambar 1969 gwamnatin Kofi Busia ta fitar da umarnin da ya ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar, aka ga iyalan da aka haifa a Ghana suna sayar da gidaje da arha suna hawa manyan motoci. Har yau mai sunan Hausa ko na Fulani ko na Zabarmawa yakan gamu da ƙarin tambayoyi a kan asalinsa idan ya je neman takardar shaida. Al'ummar da ta ɗanɗani wannan ba ta da sararin ɗaukar aikin ofis a matsayin abin dariya kawai, ba ta kuma da sararin jahiltar yadda yake tafiya. Masu shirya wasannin Hausa ma akwai abin da za su duba a nan. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya nuna cewa masu kallo suna son wasan siyasa, ya kuma yi ƙoƙari wajen nuna gwamna da uban gida da ɗan jarida da ɗan daba. Ɗakin da ba a cika shiga da kyamara ba shi ne wanda fayil ke kwana a cikinsa, inda ake sauya kalma ɗaya a takardar kwangila, inda kuɗin da aka rubuta a kasafi ke zama kuɗin da ba a saki ba.

Kashin farko na Yes Minister a kan buɗe sirrin gwamnati ga jama'a yake. Hacker ya shigo ofis da alkawarin cewa daga yau ba ɓoye-ɓoye, kafin kashin ya ƙare shi da kansa ya nemi a rufe wata magana domin ta kusa cin kujerarsa. Birtaniya ba ta yi dokar 'yancin samun bayanai ba sai a 2000, ba ta fara aiki sosai ba sai a 2005, kuma Tony Blair da aka yi ta a zamaninsa ya dawo yana nadama a littafin tarihinsa. A Ghana ƙudurin ya yi kusan shekara 20 yana yawo tsakanin ma'aikatu da majalisa kafin ya zama doka a 2019, ya fara aiki a 2020. Dokar ta ce kowace hukumar gwamnati ta ajiye jami'in bayanai, ta ba shi kwana 14 ya yanke shawara a kan buƙatar da aka kawo masa, ta yarda wanda bai iya rubutu ba ya faɗi buƙatarsa da baki a rubuta masa, ta kuma kafa hukumar da ake kai ƙara idan an hana. A shekarar 2019 ɗin nan ce Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin rage ambaliya a yankin kogin Odaw, bayan bala'in ruwa da wuta na 3 ga Yunin 2015 da ya ci rayuka fiye da 150 a Kwame Nkrumah Circle, kuma Nima na cikin unguwannin da aka ambata za a gyara a ƙarƙashinsa. Nawa aka ware wa unguwar daga ciki, nawa aka saki, wane ɗan kwangila aka ba, wace rana aka rubuta zai gama, wa ya sa hannu cewa ya gama: duk tambayoyi ne da mutum huɗu masu shan ataya za su iya rubutawa a takarda ɗaya bayan an kashe bidiyo, su kai ofishin ƙaramar hukuma, su karɓi shaidar ranar da suka miƙa, su fara ƙirga kwana 14.